Gwajin DNA zai iya faɗa maka ko za ka kamu da sankarar hanji? Abin da na gano bayan rasuwar kawuna

A hutun da ya wuce ina zaune a gida Tambuwal, sai taubashina ya turo min hoton wata talla a WhatsApp. Wani kamfani ne na ƙasar waje: ka tofa yawu a 'yar kwalba, ka aika musu, bayan makonni su turo maka maki da zai nuna yawan haɗarin da kake ciki na kamuwa da cututtuka, har da sankarar hanji. A ƙasan hoton ya rubuta: "Ɗan jarida, wanga abu gaskiya na ko damfara? In gaskiya na, babur ɗina zan sai da."

Ni da shi tsokana ce ke haɗa mu tun muna yara, amma ranar ban iya yi masa ba'a ba. Mahaifinsa, wato kawuna, ya rasu bara a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kebbe yana da shekara 48. Kusan shekara biyu ya yi yana ganin jini a bayan gida, kowa ya ce basur ne. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya sayi na masu lasifika ranar kasuwa, ya yi allurai a kemis. Sai da ya rame har wandonsa ya daina zama a ƙugu sannan aka ɗauke shi zuwa Sakkwato. A can aka ce sankara ce a dubura, kuma ta riga ta kai hanta.

To ka ga tambayar taubashina ba ta wasa ba ce. Na ce ya ba ni mako guda in yi karatu.

Ba irin jinotayif ɗin da muka sani ba ne

Yawancinmu da an ce gwajin ƙwayoyin gado, AA da AS da SS ke faɗo mana a rai. Mun saba da shi saboda maganar aure, a Kano ma tun 2024 doka ta wajabta shi kafin a ɗaura. Sikila kuwa lissafinta a fili yake, ƙwayar gado guda ce tak. AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS.

Makin da ake tallatawa ba haka yake ba. Masana sun kwatanta DNA ɗin dubban mutanen da suka kamu da sankarar hanji da na dubban da ba su kamu ba, suna neman 'yan bambance-bambancen da suka fi yawa a wajen marasa lafiyar. Wani babban bincike da mujallar Nature Genetics ta fitar a ƙarshen 2022 ya duba masu cutar sama da 100,000 da marasa ita sama da 150,000, ya kai adadin wuraren da aka gano zuwa 205. Kowane wuri shi kaɗai ɗan tasirinsa bai taka kara ya karya ba. Sai an tattara su, an ba kowanne nauyinsa, sannan a fitar wa mutum jimla. Kamar yadda ake haɗa makin tes da na asaimen da na jarrabawa, sai dai nan kwasa-kwasan sun haura ɗari biyu, kuma tun ranar da aka haife ka aka gama rubuta su.

Yana aiki? Yana yi, amma da iyaka. Wani bincike da masana na cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle a Amurka suka jagoranta a 2020 ya nuna cewa mutanen da makinsu ya faɗa cikin kashi 30 na sama, haɗarinsu ya kai na wanda uwarsa, ubansa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar, wato kusan ninki biyu. Da yawansu kuma babu mai cutar a danginsu, ka ga da ba don makin ba babu mai tunanin a duba su da wuri. Wannan shi ne amfanin da likitoci ke hange: a san wanda za a fara dubawa tun yana 40, da wanda zai iya jira.

Ga iyakar. A ɗauko mutum biyu, ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba, a ce makin ya nuna wane ne mai cutar. Cikin gwaji goma zai dace a shida da 'yan kai. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai dace a biyar. Mafi yawan masu maki mai yawa har su tsufa ba za su kamu ba, wasu masu ƙaramin maki kuma za su kamu.

Kwatancen wani gari

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne su wa aka gwada. Wancan binciken na wurare 205, Turawa ne da mutanen gabashin Asiya. A 2019 Alicia Martin da abokan aikinta sun lissafa cewa kusan kashi 79 cikin 100 na duk mutanen da aka yi irin waɗannan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali kashi 16 ne kawai na mutanen duniya. Da suka gwada makin da aka gina da bayanan Turawa a kan 'yan asalin Afirka, kan abubuwa irin su tsawo da ma'aunan jini, ƙarfin hasashen bai ma kai kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake a wajen Turawan ba.

Dalilin ya burge ni. Yawancin wuraren nan ba su ne ainihin masu jawo cutar ba, maƙwabtansu ne, alamomi ne da ake gadonsu tare da mai laifin. Kamar a yi maka kwatance a ce gidan da kake nema yana bayan kukar nan ta bakin masallaci. A garin da aka yi kwatancen za ka isa. Ka ɗauki wannan kwatancen ka tafi da shi Dogon Daji ko Kuchi, za ka samu kuka, za ka samu masallaci, amma gidan wani za ka yi wa sallama. Mu 'yan Afirka mun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado a tsakaninmu, saboda a nan ɗan Adam ya fi daɗewa, don haka alaƙar alama da abin da take nunawa ta fi saurin tsinkewa a wajenmu.

Ba wai an naɗe hannu ba ne. Shirin H3Africa, da tallafin hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Ingila, ya shafe shekaru yana tattara bayanan 'yan Afirka. A Legas an kafa kamfanin 54gene a 2019 don wannan aikin, ya tara miliyoyin daloli, ya durƙushe a 2023. Shi kuma 23andMe, wanda ya fi kowa suna a harkar gwajin yawu, an sace bayanan kusan mutum miliyan 7 daga wajensa a 2023, a Maris 2025 ya shigar da takardun karayar arziki. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan ƙwayoyin gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma da dalili. Lambar sirrin Facebook in an sace sai ka canza. Wannan ba ya canzuwa, kuma ba naka ne kai kaɗai ba, rabinsa na Inna ne rabi na Baba.

Sankarar tamu ma da 'yar bambanci

Aikin da aka fi yi kan wannan cuta a Najeriya daga Ile-Ife ya fito. A 2013 Farfesa Olusegun Isaac Alatise na asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da Dokta Peter Kingham na asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York suka kafa ƙungiyar bincike mai suna ARGO. A 2021 suka wallafa kwatancen marasa lafiyar Najeriya da na Amurka. Namu sun fi ƙuruciya, cutar ta fi kama su a dubura, kuma suna zuwa asibiti ta riga ta yi nisa. Da na karanta sai da na ajiye waya, kamar kawuna suke siffantawa.

Sun kuma ga cewa kusan kashi 28 cikin 100 na ƙarin da aka ciro daga 'yan Najeriya yana ɗauke da alamar lalacewar tsarin da ke gyara kurakuran DNA, fiye da ninki uku na abin da aka gani a New York. Wannan alamar ba kullum gado ba ce, amma ita ce ake gani a ciwon gado da ake kira Lynch.

Lynch kuwa shi ne ya fi kama da lissafin jinotayif. Ƙwayar gado guda ce ke lalacewa, irin su MLH1 ko MSH2, kuma in uwa ko uba na da ita kowane ɗa yana da yiwuwar rabi da rabi ya gada. Ba sai an yi auren zumunci ba, ɓangare ɗaya ya isa. Shi ke jawo kusan 3 cikin kowane 100 na sankarar hanji, yana kama mutane da ƙuruciya, a mata kuma yana jawo sankarar mahaifa. Wanda aka tabbatar yana da shi, tun yana ashirin da wani abu ake fara leƙa hanjinsa a kai a kai. Abin mamaki, ba da na'ura aka fara gano shi ba. Wani likita a Michigan, Aldred Warthin, ya bi tarihin dangin wata tela da ta gaya masa tana tsoron za ta mutu da sankara kamar 'yan'uwanta, ya wallafa a 1913. Takarda da alƙalami da tambaya.

Mu nan tambayar ce ke mana wuya. Duba sanarwar rasuwa a Facebook: "bayan gajeruwar rashin lafiya", "bayan doguwar jinya". Shi ke nan. Ba a faɗin sunan ciwo, balle in ya shafi bayan gida. Da na zaunar da Inna na tambaye ta, da farko cewa ta yi me zan yi da tone-tonen matattu. Daga baya ta tuna wata gwaggonsu da ta rasu da ƙuruciya da "ciwon ciki", da wata 'yar baffansu da aka cire wa mahaifa. Wannan bai tabbatar da komai ba, amma na rubuta a bayan littafin lakca, don likita zai so ya ji.

Abin da ke kusa da hannu

A duniya sankarar hanji ita ce ta uku a yawa, ta biyu a kisa, tana kama kusan mutum miliyan 1.9 a shekara. Duk wanda ya kalli Black Panther ya san ba ta tsofaffi kaɗai ba ce: Chadwick Boseman yana da shekara 43 ta kashe shi a Agustan 2020. A 2021 Amurka ta rage shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Tana da wani sauƙi da ba kowace sankara ke da shi ba. Yawanci tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki kimanin shekara goma kafin ya rikiɗe. In an leƙa da bututun nan mai kyamara, kolonoskofi, ana iya tsinke tsiron nan take. Akwai kuma gwajin bahaya mai araha da ke gano ɓoyayyen jini, kodayake da 'yan ARGO suka gwada shi a kan mutum sama da 2,000 a kudu maso yamma, kusan ɗaya cikin biyar ya nuna jini, kuma kaɗan ne cikinsu aka samu da wani abin tsoro. A ƙasar da basur da tsutsar ciki da atini suka yi yawa, jini ba sankara kaɗai yake nufi ba. Matsalar ita ce daga gida ba ka iya bambancewa. Jini a bayan gida, tare da rama ba dalili, ko canjin yanayin bahaya da ya ƙi wucewa, wannan na likita ne, ba na mai lasifika ba. A jiharmu irin wannan asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ake turawa, tafiyar kusan kilomita 100 daga Tambuwal, daga ƙauyukan Kebbe kuma ta fi haka, ga kuɗin mota ga na mai jinya.

Sai abin da muke ci da sha. Taba, giya, ƙiba da zaman wuri ɗaya duk suna ƙara haɗari. A 2015 hukumar binciken sankara ta WHO ta sa naman da aka sarrafa cikin masu jawo sankarar hanji, ta ce giram 50 kullum na ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100, kuma cikin misalanta har da busasshen naman Afirka ta Kudu, ɗan'uwan kilishinmu. Kar wani ya je ya ce na haramta kilishi, maganar mai ci kullum ake yi. Abincin da ke da dusa-dusa kuwa, gero da dawa da wake da ganye, kariya ne. Wato furar da muke rainawa muna bin indomi ta fi mu gaskiya.

Da mako ya cika na kira taubashina na ce ya bar babur ɗinsa. Makin da zai saya ba da irinmu aka auna shi ba, kuma abin da zai gaya masa ya riga ya sani kyauta: mahaifinsa ya yi cutar, haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran mutane. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce ɗan gidan ya fara gwaji yana 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano cutar a jikin ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. An gano ta kawu yana 47, ka ga shi 37 ke nan, yanzu kuwa 24 yake. Sai fa in likita ya duba tarihin dangin ya ce a gaggauta.

Ina cikin yi masa wannan lissafin ne na tsaya cak. Kawu da Inna uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shekararta 52, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa duba ta ba.

Da daddare na yi mata bayanin yadda ake gwajin, ina sunkuyar da kai don kunya. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce in fara tambayo mata ko akwai likita mace, da nawa ne kuɗin, sannan a bari a gama girbin gero.