Gargaɗi: ɓeran rumbu ya fi laimar kwaɗi kusa da kwanonku

Jama'ar 'Yandoto, Tsafe, Bungudu da Gusau, hatsi ya shiga rumbu, ɓera kuma ya biyo sawunsa. A yi hattara!

Da damina kowa yana kwaɓar yaro idan ya kai hannu ga laimar kwaɗi a gindin itace ko a jikin suri. Daidai ne. Wata ana ci, wata tana sa amai da zawo, wata hanta take lalatawa, kuma dafuwa ba ta kashe dafinta. Wadda ba ka sani ba, kada ka ci. Sai dai ita tana daji, sai an je an tsinko ta. Ɓera kuwa da ƙafarsa yake shigowa, ba mai daka masa tsawa.

Ɗan ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Shi lafiyarsa ƙalau. Fitsarinsa da kashinsa ne ke zuba a gari, a shanyar masara, a tuwon da ya kwana a buɗe. Cutar ta fi ƙamari da rani, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai masu rasa ji.

Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa wannan ɓera a sahun waɗanda babu fargaba a kansu. Ina fargaba, tunda macen tana iya zuba 'ya'ya fiye da goma a haihuwa ɗaya? Dangin laimar kwaɗi ne ke ja da baya: cikin nau'i 1,300 da aka duba zuwa 2025, guda 411 suna cikin haɗari, kuma sarar daji da gobara suna cikin dalilan.

Don haka samari, ku daina cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Wutar tana cinye ruɓaɓɓen ganye da kututturen da laima ke tsirowa a kai, sannan ta koro ɓeraye cikin gidajenmu. Kada ku feɗe ɓera, kada ku ɗauki mushensa da hannu.

Iyayenmu mata, a rufe abinci da randa, a daina shanya a ƙasa. Magidanta, a toshe ramukan rumbu, a nisanta juji daga gida.

Wanda zazzaɓi ya kama, ya sha maganin cizon sauro bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro ko zubar jini, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya da shi asibiti, ko a kira hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka kyauta a 6232, kuma mai jinya ya guji taɓa jininsa da amansa.