Yaƙin Duniya na Ɗaya: Yadda Harsashin Sarajevo Ya Iso Garwa da Istanbul



A makaranta an koya mana cewa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ne saboda an kashe yarima mai jiran gadon Ostiriya. Haka aka yi: ranar 28 ga Yuni 1914 wani saurayi Basabiye mai shekara 19, Gavrilo Princip, ya harbe Franz Ferdinand da matarsa a birnin Sarajevo na Bosniya. Sai dai ruwa ba ya tsami banza.

Ita Bosniya ta yi sama da shekara 400 a hannun Daular Usmaniyya kafin Ostiriya ta mamaye ta a 1878, ta kuma haɗe ta da ƙasarta a 1908, alhali Sabiya na ganin ita ya kamata ta gaje ta. A 1911 Italiya ta faɗa wa Libiya. A yaƙin Balkan na 1912 zuwa 1913 Usmaniyya ta rasa kusan duk ƙasashenta na Turai. A ganinmu nan ne tushen fitinar: ana rabon gado tun mai dukiya yana numfashi, magadan kuma ba su yarda da juna ba.

Ga kuma tsohuwar gaba. Faransa ba ta manta yankunan Alsace da Lorraine da Jamus ta ƙwace mata a 1871 ba. Jamus ta makara wajen rabon Afirka, sau biyu tana ja da Faransa a kan Maroko, a 1905 da 1911, tana kuma ƙera jiragen ruwan yaƙi don ta kamo Ingila. Kowa ya nemi abokin rantsuwa: Jamus da Ostiriya a gefe guda, Faransa da Rasha da Ingila a ɗaya gefen.

Shi ya sa abin ya tafi kamar wutar daji. Ranar 28 ga Yuli Ostiriya ta shelanta yaƙi a kan Sabiya, Rasha ta tara runduna don kare Sabiya. Jamus ta shelanta wa Rasha ranar 1 ga Agusta, Faransa ranar 3, washegari ta ratsa Beljiyam, Ingila ta shigo. Jamusawa sun yi lissafin gamawa da Faransa cikin makonni kaɗan, amma a watan Satumba aka tare su a kogin Marne, dab da Paris. Daga nan kowa ya haƙa rami ya shige, tun daga bakin teku har iyakar Suwizalan.

Kakanninmu ba su san inda Sarajevo take ba, amma wutar ba ta yi wata biyu ba ta iso su. Sojan Gwalkwas da na Faransa suka shiga Togo, Jamusawa suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta 1914. Kamaru ta fi tauri. Harin farko da Ingilishi suka kai Garwa a ƙarshen Agusta ya watse, garin bai faɗi ba sai Yunin 1915, dutsen Mora kuwa sai Fabrairun 1916. Turawa ne hafsoshi, baƙar fata ke ɗaukar bindiga da kaya a kowane ɓangare.

A ƙarshen Oktoban 1914 Usmaniyya ta shiga bayan Jamus, a watan Nuwamba kuma aka yi shelar jihadi a Istanbul da sunan Halifa Muhammad Rashad. Kiran bai tayar da Musulmin mulkin mallaka yadda Jamus ta yi fata ba. Mutane da dama sun ga Halifa yana tare da wata daular Nasara yana yaƙar wata, waɗansu kuma tuni suna sanye da kakin Ingila ko na Faransa. A watan nan sojan Indiya, da Musulmi a cikinsu, suka kama Basra a madadin Ingila. A Disamba Ingila ta tuɓe Abbas Hilmi, ta ayyana Masar ƙasar da take karewa. A yankinmu sai a Disamban 1916 Kawsan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas, da goyon bayan Sanusiyya.