Rimin da Ya Rage a Suna

Baƙon da ya shigo birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nemi kwatance, da sunan bishiya za a yi masa: Rimin Doko, Rimin Tsiwa, Rimin Danza. Sunayen suna nan daram, rimayen ne ke ta raguwa. Muna yara, da bazara ta yi sai ƙwanson rimi ya fashe, audugar ta riƙa yawo a iska, mu bi mu tsinto wa iyayenmu mata su cusa matashin kai. Yaran lungunmu na yau katifar soso suka sani.

A jami'o'i akwai fannin da ke nazarin adabi ta fuskar muhalli. Mai wannan nazari ba ya tsayawa kan wa ya auri wa. Tambayarsa ita ce, me ya sami kogi da daji da gona a labarin, wa ya ci riba, wa ya kwana ciki? Marubutan Indiya sun ba masu nazarin abin taunawa. A littafin Kamala Markandaya na 1954, Nectar in a Sieve, masana'antar jima ce ta sauka a ƙauye, kaya suka yi tsada, daga ƙarshe ta haɗiye gonar da tauraruwar labarin, Rukmani, da mijinta ke haya. Arundhati Roy kuwa, a The God of Small Things na 1997, ta nuna kogin Meenachal ya ƙanƙance bayan an tare shi, yana jan leda da dattin masana'antu. Wanda ya san kogin Kubanni na Zariya ba ya bukatar tafinta a nan.

Abin da ke ci mini rai, ƙagaggen labarin Hausa na boko a Zariya aka yanke masa cibi. Daga nan R. M. East ya shirya gasar rubutun 1933 da ta haifi littafin Ruwan Bagaja, a nan kuma Abubakar Imam ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce. Sake karanta shi yau, ka ga daji mai kura da zaki, ka tambayi kanka ina ya tafi. Marubutanmu na baya-bayan nan sun ɗebo soyayya daga finafinan Indiya, amma kukan ƙasa da ke cikin littattafan Indiyawan bai iso mu ba sosai.

Ga labari kuwa a ƙofar gida. Kududdufan da kakanni suka haƙa don tubali su ne a da ke shanye ruwan damina. An cike su da bola an yi gini, yanzu ruwan zaure yake shiga. Ganuwa ana ta gutsurarta.

Ina roƙon marubuta da ɗaliban Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello, ku je ku zauna da dattawan unguwannin nan tun suna raye, su nuna muku inda kowane rimi ya tsaya, ku rubuta.