Ba A Fafe Gora Ran Tafiya: Shirin Farautar Elk A Duwatsun Montana

A arewa maso yammacin Amurka, a kan iyakar Kanada, akwai wata jiha da a ke kira Montana. Cikin duwatsunta akwai wani ƙungurmin daji mai suna Bob Marshall, wanda faɗinsa ya kai eka miliyan ɗaya. Kowace shekara, daga 15 ga watan Satumba, maharba su kan kutsa cikinsa neman wata babbar dabba wai ita elk. Mun ga ya dace mu bayyana wa masu karatu yadda a ke shirya wannan tafiya, gama a cikinta akwai abin lura: shiga dajin da sauƙi, fitowa da nama ita ce aiki.

Dabbar Da Tarihinta

Elk dangin barewa ce, amma namijin ya ɗara gwanki girma, gama ya kan kai laba 700, watau kilo 320. Ƙahonsa mai rassa ne kamar itace, ya kan kayar da shi wajen watan Maris, sa'an nan sabo ya tsiro. A watan Satumba, lokacin barbara, ya kan yi wani dogon kuka kamar busar sarewa. Maharba kuwa su kan kwaikwayi kukan don su jawo shi kusa.

Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai elk wajen miliyan 10 a Amurka ta Arewa. Zuwa 1900 ba su kai 100,000 ba, saboda kisan gilla da aka yi musu don nama da fata, har ma don wasu haƙora biyu da a ke ado da su. A 1937 aka kafa dokar da ta keɓe harajin bindigogi da harsasai domin kiwon namun daji. Da wannan kuɗi da na lasin aka raya su, har yau sun kai kimanin miliyan ɗaya. Dalili ke nan da ya sa ba mai fita farauta sai da takarda.

Lasin Da Hanya

Shiri ya kan fara tun farkon shekara. Baƙo, watau wanda ba mazaunin jihar ba, tilas ya aika da takardar neman lasin zuwa 1 ga Afrilu. Doka ta ƙayyade babban lasin baƙi a kan 17,000 a shekara, saboda haka ƙuri'a a ke yi. Duk wanda aka haifa bayan 1 ga Janairu 1985 sai ya nuna shaidar cewa ya koyi ƙa'idodin farauta. Mai farauta da bindiga kuma lalle ya sa tufa mai ruwan lemo, don kada ɗan'uwansa ya ɗauke shi dabba.

Bisa ga dokar 1964 da ta tsare irin waɗannan dazuzzuka, mota ba ta shiga, ko keke ma ba a yarda ba. Mutum ya tafi da ƙafa, ko kuwa ya yi jingar ja-gora mai dawaki da alfadarai. Abincin dabbobin ma sai wanda aka duba aka tabbata ba irin muguwar ciyawa a cikinsa. Tarho ba ya kamawa a can, don haka a kan riƙe taswira da kamfas, da wata 'yar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Mai hankali ya kan bar wa mutanen gida bayanin inda ya nufa da ranar da zai komo.

Duwatsun sun tashi daga ƙafa 4,000 zuwa fiye da 9,000. Rana ta iya yin zafi da azahar, da dare ruwa ya daskare, gari ya waye da dusar ƙanƙara. Tufafin ulu a ke sawa, gama na auduga in sun jiƙe ba su tsare ɗumin jiki, sanyi kuwa ya kan kashe mutum.

Lissafin Nama

To, ga inda gizo ke saƙa. Naman namiji ɗaya, bayan an fid da ƙashi, ya kan haura laba 200. A ce ƙaƙƙarfan mutum ya iya goya laba 70 a kan dutse. Nama sawu uku ke nan, ƙaho da tanti da sauran kaya su cika na huɗu. In ya kashe dabbar mil 6 daga inda ya bar motarsa, zai fita sau huɗu da kaya, ya koma sau uku, watau tafiyar mil 42. Duk wannan kuwa kafin naman ya lalace.

Don haka da dabba ta faɗi sai a feɗe ta nan take, a raba ta gaɓa gaɓa, a zuba cikin buhunan ƙyalle, a rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Dokar jihar ta hana a bar cinyoyi biyu da kafaɗu biyu da naman gadon baya su ruɓe a daji, wanda ya yi haka ya yi laifi. Ƙwararren maharbi ya kan zana wa kansa iyaka a taswira tun yana gida, ko ya yi alkawari da mai alfadarai. In ya hangi dabba bayan iyakar nan, sai ya sauke bindiga. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mai Dajin

Ba mutum kaɗai ke son naman ba. Dajin gidan wani babban beyar ne da a ke kira girizili, wanda aka sa cikin dabbobin da doka ta tsare a 1975. Yana jin warin jini daga nesa. Ƙa'ida ita ce a rataye abinci ƙafa 10 daga ƙasa, ƙafa 4 daga jikin itace, nama kuwa a nisanta shi yadi 100 daga wurin kwana. A kan riƙe gwangwanin feshin barkono a ɗamara, ba cikin jaka ba. In za a koma wurin nama sai a tsaya daga nesa a duba tukuna. In beyar ya riga ya hau kansa, a bar masa, rai ya fi nama.

Duk da wannan ɗawainiya, mafi yawan maharba hannu Rabbana su ke komowa gida. Ba su ɗauke shi abin kunya ba. Abin kunya a wurinsu shi ne mutum ya kashe abin da ba zai iya ɗaukowa ba, ko ya sa a fita nemansa cikin ƙanƙara don sakacinsa. Mu dai abin da muka gani shi ne, tafiyar kwana goma ce, amma shirinta wata shida. Gaskiyar masu iya magana, ba a fafe gora ran tafiya.