Jakin Damargu da Masu Neman Fatarsa

Da zarar an kwashe amfanin gona an saki dabbobi a Damargu, jaki ne kan gaba wajen shiga uwa duniya. Daga Tanut har Balbeji za ka gan su cikin karan gero, ba dabaibayi ba makiyayi, auraki da duna da idabari, ana ta birgima, don jaki ba ya wuce toka. Birgimar nan ba shashanci ba ce, da ƙura yake korar ƙwarin da ke cizonsa. Baƙo sai ya ɗauka na daji ne. Ina! Kowanne da mai shi, ƙishirwa kuma ita ke komo da shi bakin rijiya, inda shi ɗin ne dai zai ja wasaki. Haƙurin kaya sai jaki.

Kakansa, jakin daji na ainihi, saura kaɗan a hamadar Eritiriya da Habasha. A Amurka dokar 1971 ta kare dawaki da jakunan da suka koma daji, amma duk da haka hukuma na tattaro su da jirgi mai saukar ungulu tana zubawa a shinge.

A Damargu kuwa ba gwamnati ce kurar jaki ba. Tatsuniya ta ce kura ta daɗe tana shakkar jaki, tana zaton kunnuwansa ƙaho ne, sai da shi da bakinsa ya tona kansa. Kurar zamani ba ta taɓa shakkarsa ba: fatarsa take so, a kai Sin a dafa, a fitar da maganin da suke kira ejiao. A 2016 jakuna wajen 80,000 suka fice daga Nijar, alhali a 2015 27,000 ne, sai gwamnati ta hana fitar da su. A Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta haramta yanka jaki don fata.

Doka ta yi kyau, amma jaka wata 12 take ɗauke da ciki, ta haifi ɗaya tal, mahauci kuwa ba ya jiran haihuwa. Iyakar Nijar da Najeriya ga tsawo, sakakken jaki ga sauƙin kora da dare a tsallaka da shi. In an tare yaron da ke kora an ƙyale dillalin da ya aiko shi, an bar jaki ana dukan taiki. Matar da aka sace wa nata kuwa, jarkar ruwa ta koma kanta, kuɗin wani jakin ya fi ƙarfin mijinta.