'Yan Kasuwar Ajilari, Ina Lissafinku Yake Kwana?

Mai shago, mai POS, tela, Hajiya mai sayar da humra da turaren wuta ta WhatsApp, da ku nake. Ina littafin bashinku? A durowa? Ko a cikin waya ɗaya tilo mai fasasshen gilashi? In ta ɓata yau, wa zai tuna muku waɗanda kuke bi?

Mun gani da idonmu. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday cikin dare. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da tsakiyar gari. Kaya suka tafi, littattafai suka jiƙe, tawada ta narke. Kaya ana iya sake sarowa. Sunan mai bashi da ya goge fa, a ina za a saro shi?

Ku mayar da lissafinku kan intanet, yau ba gobe ba. Amma don Allah kada ku ɗora dukiyarku kan kowace manhaja don kawai an ce kyauta ce. Ku tambaya tukuna. Tana aiki in babu netwok? A garin nan aka katse layukan waya a 2013. Garin nan aka fasa wa turakun lantarki a 2021, muka daɗe cikin duhu. Tana bari ku kwashe bayananku ku adana a wani wuri? In ba ta bari, ku guje ta. Kamfani na iya rufewa dare ɗaya, ya tafi da lissafinku. Ko Google Sheets ya wadatar da ƙaramin shago, kuma Google na ba da gigabait 15 kyauta.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wannan: da sunan wa aka buɗe asusun? Sau da yawa yaron shago ne ya buɗe, da imel ɗinsa da lambarsa, don Alhaji ya ce bai iya ba. Ranar da kuka saɓa fa? Ya tafi da kwastomomi, ya tafi da lambar sirri, kai kuma ba ka da hujja. Alhaji, karɓi abinka. Lambarka, imel ɗinka, BVN ɗinka.

Manhajar rance ta nemi shiga lambobin wayarka da hotunanka? Kada ka yarda. Da su ake tozarta mutum wajen surukai. Saƙon alat ya shigo? Kada ka miƙa kaya sai ka buɗe Moniepoint ko OPay ka ga kuɗin sun zauna. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa kuwa, kada ka karanta wa kowa, ko da ya kira ka da sunanka.

Daren yau, kafin ka rufe shago, ɗauki hoton kowane shafi na littafin bashi, ka tura shi imel ɗinka. Kowane shafi.