Ƙarangiya

Ƙarangiya (sunan kimiyya: Cenchrus biflorus) ciyawa ce mai 'ya'ya masu ƙaya da ke fitowa a ƙasa mai yashi a yankin Sahel da bakin hamadar Sahara. Danginta ɗaya da gero. A Nijar da Mali ana kiranta cram-cram da Faransanci, a arewa maso yammacin Indiya kuma bhurat. Ita ce ƙayar da ta fi damun matafiya da makiyaya a ƙasar Hausa.

Siffa

Tana tsirowa da ruwan farko, ta mutu da rani, kuma tsawonta bai cika kaiwa mita 1 ba. Da ƙarshen damina takan fitar da kai mai ɗauke da 'ya'ya, kowanne lulluɓe da ƙananan ƙayoyi. Jikin kowace ƙaya akwai 'yan haƙora masu kallon baya, shi ya sa shigarta fata ke da sauƙi, fitarta kuma da wuya.

Inda ake samunta

Ana samunta daga Senegal har zuwa Sudan, da ƙasashen Larabawa da Indiya. Wasu masana yanayin ƙasa na ɗaukar inda ta fara bayyana a matsayin iyakar Sahara ta kudu. A Najeriya ta fi yawa a jihohin arewa. A Jihar Kebbi, ciki har da yankin Zagga na ƙaramar hukumar Bagudo, tana fitowa a saura da jigawa da gefen burtali. Dabbobin da ke kai da komowa tsakanin wannan yanki da Jamhuriyar Benin na ɗaukar 'ya'yanta a gashinsu, ta haka irin ke yaɗuwa.

Suka da cirewa

Daga kaka zuwa hunturu 'ya'yan sukan bushe su zube. Suna maƙale wa wando da zane da tabarma, kuma wanda ya sa hannu zai cire su yakan tashi da ƙaya a yatsa. An fi so a kankare su daga tufafi da wuƙa ko matsefi. Wadda ta shiga fata ana cire ta da matsefata ko allura mai tsabta, sannan a wanke wurin da ruwa da sabulu.

Idan tsinin ya karye a ciki, wurin na iya kumbura ya yi mugunya. Kamar kowane rauni na suka, ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da muƙamuƙi, tana iya shiga ta nan, don haka rigakafi na da muhimmanci. Masu ciwon sukari sun fi shiga haɗari, domin sau da yawa ba sa jin sukar a tafin ƙafa sai ta zama gyambo. Kumburi mai ƙaruwa ko zazzaɓi alama ce ta a je asibiti.

Amfani

Kafin ta yi ƙaya abinci ce mai kyau ga shanu da tumaki da raƙuma. A shekarun fari mutanen Sahel sukan tara 'ya'yanta, su sussuka, su daka ƙwayar su yi kunu ko tuwo.

A tarihi

Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851 ya kuma ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya koka da ƙarangiya a littafin tafiyarsa, inda ya nuna cewa matafiyi na bukatar ɗan hantsaki don cire ƙayarta.

Bambanci da kaktus

Kaktus, tsiron hamada mai ƙaya, asalinsa nahiyar Amurka ne. Ƙyarana da tinya suna kama da shi, amma danginsu daban, kuma farin ruwansu na ƙona ido da fata.